Yadda za ka yi sallah cikin natsuwa idan gidan abokinka ana jinya

Idan babbar sallah ta zo alhali mahaifiyar abokinka ko ɗansa na kwance a babban asibitin Damagaram, ba a ce ka fasa sallah ba. Ka je idi, ka yi layya in kana da hali. Hayaniya za ka rage, ka kuma ɗauke musu wani aikin.

Fara tun saura kwana uku ko huɗu. Kada ka ce masa "in kuna buƙatar wani abu ka faɗa", kunya ba za ta bar shi ya buɗe baki ba. Zaɓi aiki ka sanar da shi kawai: "Malam, ɗinkin yara ni zan karɓo wajen tela." In sun riga sun sayi rago, nemi ya wakilta ka yanka. Gashin rago aikin yini ne, yana son itace da mai tsaron wuta har dare, kuma gidan da hankalinsa ke asibiti ba shi da wannan mutum. Kafa nasu kusa da naka a wuta ɗaya. In kuwa ba ka ga rago a gidan ba, kada ka tambaya, kuɗin ya tafi ga magani. Washegari ka aika da cinya.

Wajen abinci aka fi yin kuskure. Ana cika kwano da soyayyen nama mai gishiri da kitse a kai wa mai hawan jini ko ciwon ƙoda, ko a kai wa mai ciwon sukari lemo da alewa, shi kuma ya ci don kada ya ba da kunya. Tambayi mai jinya, wato mai kula da mara lafiyar, abin da likita ya yarda a ci. Wanda ake shirin yi wa tiyata ma ana iya hana shi komai. Naman sallah na masu jinya ne, su da ke kwana kan tabarma. A kai musu daidai cin lokaci ɗaya a cikin kula, rana da dare, domin abinci ba ya jure zafin garin nan, ga shi ba firji a gefen gado.

Ziyara kuma mutum biyu sun isa, minti goma ya wadatar. A bar sabuwar shadda da turare mai ƙarfi a gida, ƙamshi na tayar wa mara lafiya zuciya. Mai mura ya gaishe su ta waya. Ka ce "Sannu Inna, ya jiki? Allah ya sa kaffara ne," ka yi addu'a ka tashi. Ban da tonon abin da likita ya faɗa, ban da kawo sassaƙe, don yana iya cin karo da maganin asibiti.

Kuɗi a damƙa a keɓe, jaka biyar ko goma, gwargwadon hali. Ya fi ma ka karɓi takardar magani ka sayo da kanka. Tun jajibiri ka binciki kantin maganin da ke gadi, wato wanda zai kasance a buɗe, saboda da yawa suna rufe ranar sallah. In an nemi jini kuma kana da lafiya, ka je a gwada ka.

Yaransu ba su san jinya ba, sallah suka sani. Haɗa su da naka zuwa kallon hawa a ƙofar fada cikin Birni, goron sallarsu ya zama daidai da na naka. A gidanka a rage sautin kiɗa, musamman in katanga ɗaya ce tsakaninku, hotunan kwalliya kuma a tura wa dangi kai tsaye maimakon ɗorawa a WhatsApp inda abokin zai gani daga bakin gado.

Daga kwana na uku baƙi ke watsewa, gajiya ta sauko wa masu jinya. Ku abokai ku raba kwana tun yanzu: wane daren Talata, wane daren Laraba, wanda ba zai samu zuwa ba ya faɗa tun da rana a nemi madadinsa.