Darasi na Tara: Yadda Matashi Zai Tsara Burinsa na Sabuwar Shekara

Idan shekara ta kama, ko watan Muharram ne ko watan Janairu, za ka ji matasa a majalisa suna cewa, "Bana in Allah ya yarda sai na canja," amma da wuya ka sami wanda zai faɗa maka abin da zai canja, da ranar da zai fara, da kuɗin da abin zai ci. Wannan darasi zai koya maka yadda za ka ɗauki burin da ke cikin zuciyarka ka sa shi a takarda da hannunka, tunda yanzu ka fara iya rubutu da lissafi.

Abu na farko shi ne ka rage yawan abin da kake so. Matashi ɗaya yana son ya yi aure, ya sayi babur, ya koma makaranta, ya kuma gyara ɗakin mahaifiyarsa, duk a cikin wata 12. Babu laifi a ko ɗaya daga ciki, amma Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Ka zaɓi babban buri ɗaya, wanda idan ya samu zai buɗe ƙofar sauran, sannan ka ƙara ƙarami ɗaya da ya shafi halinka ko ibadarka ko lafiyarka. Sauran ka rubuta su a shafin ƙarshe na littafinka, su jira shekararsu.

Bayan ka zaɓa, sai ka sa wa burin lamba da lokaci. "Ina son in yi kuɗi" magana ce da ba za a iya aunawa ba, don haka ba za ka taɓa sanin ko ka matsa gaba ko kana nan inda kake ba. Mu ɗauki misalin yaron da ke koyon ɗinki a shagon maigidansa a cikin garin Gombe, wanda yake son ya mallaki kekensa. Aikinsa na farko shi ne ya shiga kasuwa ya tambayi farashi a shago biyu ko uku, kada ya dogara da jita-jita. A ce an gaya masa naira 104,000. Shekarar miladiyya tana da mako 52, saboda haka idan ya raba kuɗin zai ga cewa naira 2,000 ce take kansa kowane mako. Sai ya rubuta a littafinsa: "Zan sayi keken ɗinki kafin ƙarshen shekara. Zan ajiye naira 2,000 kowace Juma'a." Tunda farashin kaya ba ya tsayawa wuri ɗaya, hikima ce ya ɗan ƙara wani abu a kan wannan adadi, ya kuma sake tambayar farashi bayan kowane wata uku.

A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe, domin samun kuɗi a ƙasarmu ba ya zuwa daidai wa daida daga mako zuwa mako. Tela yana cika da aiki a makonnin da suke gabanin ƙaramar Sallah da babbar Sallah, har ya kwana a kan keke, sannan kasuwa ta yi sanyi. Manomi a Kumo ko Dukku ba ya ganin kuɗi sai da kaka, lokacin da ya kai masara da wake kasuwar Tudun Hatsi, alhali da damina kashewa kawai yake yi a kan taki da noma. Mai noman rani a Dadin Kowa kuwa lissafinsa daban ne. Don haka ka ɗauki kalanda ka yi wa watanni alama: watannin samu, watannin matsi, da watannin hidima. Ka tuna cewa shekarar Musulunci kwana 354 ko 355 ce, shi ya sa azumi da Sallah suke matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, kuma dole ka duba inda suka faɗo bana. A watan samu ka ninka ajiyarka, a watan matsi ka rage ba tare da ka daina ba, ko da naira 200 ce. Ra'ayina shi ne, wanda ya daina ajiya gaba ɗaya na wata guda ya fi wanda ya rage ta shan wahalar komawa.

Wurin ajiya ma yana da muhimmanci. Kuɗin da ke aljihu ko ƙarƙashin katifa ba ya jure biki da suna da rancen abokai. Adashi yana taimakawa idan uwar adashin mai amana ce kuma kun rubuta wanda zai kwasa da ranar kwasarsa. Asusun banki ya fi tsaro, kuma buɗe shi yana buƙatar lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, wadda hukumar NIMC take bayarwa.

Ba kowane buri ne na kuɗi ba. Matashiyar da aure ya katse mata karatu tana iya rubuta cewa kafin shekara ta ƙare za ta iya karanta takardar asibiti da saƙon waya da kanta, ba sai ta kira yaron maƙwabta ba, kuma matakinta shi ne zuwa aji ba fashi da karanta shafi ɗaya kowane dare bayan sallar isha'i. Ya kamata ta zauna da mijinta tun farko ta ce, "Maigida, ga abin da na ƙudurta bana, ina neman goyon bayanka," domin a shirya wanda zai riƙe yara a ranakun aji. Wanda ya gama sakandare ba tare da cikakken sakamako ba zai iya sa burin rubuta jarrabawar NECO ta masu zaman kansu da ake yi wajen ƙarshen shekara, kuma mai son rubuta JAMB, jarrabawar neman shiga jami'a, ya sani cewa ba a yin rajista sai da NIN, don haka neman lambar shi ne aikinsa na watan farko.

Ka gaya wa mutum ɗaya mai hankali burinka, yayanka ko malaminka, wanda ba zai ji nauyin tambayarka ba a ƙarshen wata, "Ina aka kwana?" Ba sai duk majalisa ta ji ba. Ka yi addu'a, ka ce in Allah ya yarda da zuciya ɗaya, sannan ka tashi ka yi abin da ke kanka na wannan mako. Idan rashin lafiya ko wata hidima ta cinye ajiyarka, ka buɗe littafin ka sake raba abin da ya rage a kan makonnin da suka saura, ko ka ƙara wa'adin da wata biyu.

Aikin gida: Ka buɗe sabon shafi ka rubuta sunanka da kwanan wata. Ka rubuta babban burinka a jimla ɗaya mai lamba da lokaci, a ƙarƙashinta kuma ka ja layi 12, kowane layi da sunan wata da abin da za ka yi a cikinsa. Ka zo da littafin aji na gaba, domin kowa zai karanta layinsa na farko da bakinsa.