Kurakuran da masu kamfani suka fi yi a kan fasaha da doka da jama'a, da yadda ake gyarawa

In ka saurari masu harkar kasuwanci suna koke, kusan kullum abu uku ne a bakinsu: fasaha tana gudu ba a iya kamo ta, hukuma kullum da sabuwar doka, sannan kwastoman yanzu ba shi da haƙuri, abu kaɗan ya zaro waya ya watsa ka duniya. Duk gaskiya ne. Amma fa in ka bi labarin kamfanonin da suka sha kashi ɗaya bayan ɗaya, da wuya ka samu wanda abun ya faɗo masa daga sama bai san da shi ba, yawanci akwai wani ma'aikaci a ciki da ya hango tun da wuri, ya faɗa, aka ce masa bari a gama da wancan tukuna.

Bari mu fara da mafi arha wajen gyara, wato ƙin sabunta manhaja. Kwamfuta ta turo saƙo a yi apdet, a danna "anjima", gobe ma a danna, har a saba. Equifax, kamfanin nan na Amurka mai tara bayanan bashin mutane, haka ta faru da su a 2017. A watan Maris aka fitar da gyaran wata kafa a manhajar da suke amfani da ita, ba su saka ba, zuwa watan Mayu masu kutse sun shige ta wannan kafar, suka kwashi bayanan mutum kusan miliyan 147. Daga baya sai da kamfanin ya amince da biyan kuɗin da ka iya kaiwa dala miliyan 700. Dama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gyaran ba wani abu bane mai tsada: a rubuta jerin duk na'ura da manhajar da kamfani ke aiki da su, don abun da baka san kana da shi ba ba zaka taɓa sabunta shi ba, sannan a ɗora aikin a wuyan mutum ɗaya da sunansa, da ranar da dole ya gama. In aka ce "sashen kwamfuta zasu yi", to kowa zai ɗauka wani ya riga ya yi.

Ƙanin wannan shi ne tsofaffin akawun da aka manta ba a rufe ba. Ma'aikaci ya bar aiki shekara biyu amma har yau fasawod ɗinsa tana buɗe ƙofa. Colonial Pipeline, masu babban bututun mai a gabashin Amurka, ta wani tsohon akawun da ba a amfani da shi aka shigar musu a 2021, fasawod ɗaya tal, babu mataki na biyu na tantancewa. Suka rufe bututun na kwanaki, gidajen mai suka bushe a jihohi da dama, suka kuma biya fansar kusan dala miliyan 4.4. To ranar da mutum ya ajiye aiki a ranar za a rufe duk wani akawun nasa, kuma imel da banki da duk inda ake shiga daga nesa a saka masa lambar nan ta biyu da ake turowa a waya ko manhaja. Ma'aikata zasu yi ƙorafi sati ɗaya su saba.

Sai maganar ajiye kwafin bayanai, wanda nan ne naga mutane sun fi yaudarar kansu. Ka tambayi manaja kuna da kwafi? Zai ce sosai ma. Ka ce yaushe rabon da ku gwada dawo da shi ku ga ko yana aiki? Shiru. Ka ce a ina yake? Sai ka ji yana kan layi ɗaya da sauran kwamfutocin, ma'ana duk abun da ya ci waɗancan zai ci shi. Labarin Maersk ya isa misali, kamfanin jiragen dakon kaya na Denmak. A watan Yunin 2017 cutar kwamfuta da aka sa wa suna NotPetya ta shigar musu ta wata manhajar lissafin haraji ta ƙasar Yukren, cikin ɗan ƙanƙanin lokaci allo ya mutu a ofisoshinsu a faɗin duniya, manyan motoci suka yi dogon layi a bakin tashoshin ruwa saboda ba wanda ya san wace kwantena ce ta wa, ma'aikata suka koma biro da takarda da WhatsApp. Suna da kwafin abubuwa da yawa, amma na'urorin da ke riƙe da rajistar waye zai shiga ina duk sun tafi tare, don kowacce ta dogara ne da 'yar uwarta. Abun da ya cece su wata na'ura ce guda ɗaya a wani ofishinsu na Afirka ta Yamma da ta tsira saboda an ɗauke wuta lokacin da cutar ke yawo. Sai da suka sake ɗora manhaja a kan kwamfuta kusan 45,000 da manyan kwamfutocin ajiyar bayanai (saba) 4,000, asarar ta kai kusan dala miliyan 300. Kaga babban kamfani kamar wannan, ɗauke wuta ne ya rufa masa asiri. Kar ka jira irin wannan sa'ar. Kwafi ɗaya dole ya kasance a cire yake daga intanet gaba ɗaya, kuma lokaci-lokaci a ware rana a yi kamar komai ya mutu, a dawo da shi daga kwafin a ga awa nawa zai ɗauka.

A wannan ranar gwajin ma sai a tambayi kai, in kamfanin da muka jingina da shi ne ya faɗi fa? Ranar 19 ga Yulin 2024 ba ɓarawo ba ne ya tsayar da duniya, kamfanin tsaro ne, CrowdStrike, ya tura apdet mai matsala, kwamfutocin Windows wajen miliyan 8.5 suka ƙi tashi, filayen jirgi da asibitoci da bankuna suka tsaya cak. Wani zai ce to ai kai ka ce a yi apdet. Eh a yi, amma inda hali a fara da na'ura kaɗan a ga yadda suka yi kafin a sake wa sauran, kuma a samu hanyar karɓar kuɗi da yi wa kwastoma aiki ko da allo ya mutu.

Yanzu kuma yayin ƙirƙirarriyar basira ake, kowa na son a ce shi ma ya saka. Ni banda matsala da ita, tana rage aiki sosai. Kuskuren shi ne ɗauka cewa in na'ura ce ta faɗi magana to babu ruwan kamfani. Air Canada sun gwada wannan. Manhajar hira da ke shafinsu ta gaya wa wani fasinja da aka yi wa rasuwa cewa zai iya sayen tikiti yanzu ya nemi rangwame daga baya, alhali tsarin kamfanin bai ce haka ba, da ya nema suka hana, har suka kafa hujjar wai manhajar ita ke da alhakin maganarta. A 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a Kanada ta yi watsi da wannan ta ce su biya. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, amma dariyar da aka yi musu a duniya fa? A 2023 ma wasu lauyoyi a New York sun sha tarar dala 5,000 saboda sun miƙa wa kotu shari'o'in da ChatGPT ya ƙirƙiro, babu su a ko'ina. A shekarar dai Samsung ya taƙaita wa ma'aikatansa amfani da irin waɗannan manhajoji bayan an gano wasu sun liƙa bayanan sirrin kamfani a ciki. Gyara a nan takarda ɗaya ta isa: me aka yarda a saka a ciki, me aka hana, kuma duk abun da ya shafi kuɗi ko alƙawari ko lafiya sai mutum ya karanta ya sa hannu kafin ya fita.

Ta ɓangaren doka, babban kuskure shi ne tunanin dokar inda ofishinka yake ita kaɗai ta shafe ka. Wannan zamanin ya wuce tun ranar da ka buɗe shafi kana sayar wa na nesa. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, da ta fara aiki 25 ga Mayun 2018, tana hawa kan kamfanin da ke neman kwastoma a cikin ƙasashen ko da shi yana wata nahiyar ne. Tararta tana kaiwa yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin 100 na cinikin shekara a duk duniya, wanda ya fi yawa, kuma in aka yi maka kutse awa 72 gare ka ka sanar da hukuma. Meta, mai Facebook, ya sha yuro biliyan 1.2 a 2023 kan kai bayanan Turawa Amurka, TikTok ya sha miliyan 345 a shekarar kan bayanan yara. Ƙasashe da yawa kuma sun kwaikwayi dokar sun yi tasu. Abun da ya fi bani mamaki shi ne yadda ake tara bayanan da ba a buƙata, mutum zai sayi abu ɗaya amma fom yana tambayarsa ranar haihuwa da hoton katin shaida da adireshin gida, kawai don wataƙila wata rana zasu yi amfani. Duk layin da ka karɓa kaya ne ka ɗora wa kanka, sai ka tsare shi, in ya ɓace kai zaka amsa. Ka buɗe fom ɗinku yau, duk tambayar da ba wanda zai iya faɗin amfaninta ka goge ta, tsofaffin bayanai kuma a sa musu wa'adin sharewa.

Sannan a daina kiran lauya sai an gama gini. An kashe wata da watanni ana haɗa manhaja, saura kwana uku a ƙaddamar sai a tura masa ya duba, in ya ce akwai matsala ya zama maƙiyin ci gaba. A zaunar da shi tun ranar da ake zana abun.

Akwai kuma wanda ya fi duk waɗannan muni, kuma daga sama yake farawa: a ɗora wa ma'aikata adadin da ba zai yiwu ba sannan a kawar da kai daga yadda suke cika shi. A bankin Wells Fargo an matsa wa ma'aikata sai sun buɗe wa kowane kwastoma akawun da yawa, sai suka koma buɗewa da sunan mutane ba da saninsu ba, miliyoyi. Da abun ya fashe a 2016 aka ji an kori ma'aikata wajen 5,300, amma mutum dubu biyar basa lalacewa lokaci ɗaya haka kawai, tsarin ne ya koya musu, kuma a 2020 bankin ya amince da biyan dala biliyan 3. Volkswagen ma kusan haka ne, ana son injin dizal mai ƙarfi, mai arha, wanda kuma zai tsallake gwajin hayaƙi, da abun ya gagara sai aka saka manhajar da ke gane lokacin gwaji ta rage hayaƙin, a kan titi kuma ta sake shi. Motoci wajen miliyan 11, asiri ya tonu a 2015, kuɗin da ya ci su ya haura yuro biliyan 30. In kai ne shugaba kaga wani sashe kullum yana cika adadi ɗari bisa ɗari ba ya taɓa kuskurewa, kafin ka raba kyauta ka je ka ga yadda ake yi. Kuma a buɗe hanyar da ƙaramin ma'aikaci zai kai ƙara ba tare da ta bi ta teburin wanda yake ƙara ba.

Sauya wa ma'aikaci suna ma baya fitar da kai. Uber, kamfanin da ake kiran mota ta manhajarsa, ya daɗe yana cewa direbobinsa masu zaman kansu ne, amma a Fabrairun 2021 kotun ƙolin Birtaniya ta duba waye ke yanke farashi, waye ke hukunta direba in ya ƙi ɗaukar fasinja, ta ce ma'aikata ne da suka cancanci mafi ƙarancin albashi da hutu. Haka wanda ka ba kwangila, laifinsa yana iya dawowa kanka. Ginin Rana Plaza a Bangaladash da ya rufta a Afrilun 2013 ya kashe sama da mutum 1,100, yawancinsu masu ɗinka wa manyan kamfanonin tufafi kaya, kuma tun ana gobe an ga bangon ya tsattsage amma aka ce su koma aiki. Kamfanonin da aka tsinci tambarinsu a cikin ɓaraguzai ba wanda ya saurari bayaninsu na cewa ba su suka ɗauki mutanen aiki ba. Ka san wa ke yi maka kaya, ka san wa shi kuma ya ba, ka tura a duba ba tare da sanarwa ba.

In kuma duk da haka abu ya fashe a soshiyal midiya, awannin farko su ne komai. A Afrilun 2017 aka ɗauki bidiyon jami'an tsaro suna jan wani fasinja a ƙasa daga jirgin United a Chicago, fuskarsa da jini, don a samar wa ma'aikatan kamfanin kujera. Bidiyon ya yi muni, amma abun da ya ƙara hura wutar shi ne martanin farko na shugaban kamfanin, wanda ya fi karkata ga kare ma'aikatansa, sai da aka kwana biyu ana ragargazarsu kafin cikakkiyar ban haƙuri ta fito. Masu ƙananan kamfani ma haka suke yi, su goge kwamen, su yi bulokin mai ƙorafi, ko su sa yaron da ke riƙe da shafin ya shiga cacar baki da shi, alhali an riga an ɗauki hoton allo. Tun yanzu da ake zaman lafiya a yanke waye zai yi magana da sunan kamfani, waye zai iya amincewa a mayar wa mutum kuɗinsa nan take ba sai an jira taron Litinin ba, kuma lambar wa za a kira in abun ya faru ƙarfe biyun dare. Saƙon farko ya faɗi abun da ya faru, da abun da ake yi a kai yanzu, da lokacin da za a sake yin bayani, kuma in lokacin ya yi a fito a yi ko da binciken bai ƙare ba.