Yadda za ka yi aikin fasaha tare da ƙudan zuma

Wannan ba zane ba ne, kai ne za ka fara, ƙudan zuma su ƙarasa. Aganetha Dyck, wata mai fasaha 'yar Kanada, ta shekara da shekaru tana saka takalma da 'yan tsana cikin amya suna yi musu saƙa. Shi kuma Tomáš Libertíny, wani mai fasaha ɗan Slovakia, ya sa sun gina masa tulun furanni da kakin zuma zalla.

To da farko nemi mai kiwon zuma, kar ka ce kai kaɗai za ka yi, wallahi za ka sha harbi. Zaɓi abin da ba fenti ba turare, katako ko waya ko tangaran, ka narkar da kakin zuma ka shafa daidai inda kake so su bi, don nan ƙamshin zai ja su. Ka bar musu fili sosai, in ratar ba ta kai milimita 6 ba toshe ta za su yi da danƙo. Lokacin furanni ake saka abin cikin amya, in babu abinci ko kallonsa ba sa yi. Ka riƙa dubawa da ɗan hayaƙi, kuma ka ciro kafin sarauniya ta zuba ƙwai a ciki.