Yadda nake gyara direban da ke zaɓar ƙarfin wuta ba daidai ba a Linux

Kwana uku na yi ina zargin caja. Bod ɗin da nake aiki a kai yakan tashi lafiya lau, amma da an ɗora masa aiki mai nauyi sai ya sandare. Da na sa mita a layin da ke ba kwakwalwar na'urar wuta, sai na ga bolt 1.10, alhali 1.12 ne mafi ƙarancin abin da aka nema. Ashe laifin yana cikin `drivers/regulator/`, inda Linux ke ajiye direbobi, wato manhajojin da ke sarrafa cip mai daidaita ƙarfin wuta.

Ka fara da takardar bayanin cip ɗin, ka fitar da mafi ƙarancin ƙarfin wutar da yake bayarwa, da girman taki, da yawan matakai. Nawa yana farawa daga 700,000 ne a ma'aunin maikurobolt (miliyan ɗaya ne bolt guda), kowane taki 25,000. Tsohon direban yana amfani da `set_voltage`, yana yin lissafinsa da kansa: ya cire 700,000 daga 1,120,000, ya raba da 25,000. Amsa 16.8 ce, amma yaren shirye-shirye na C yakan yar da abin da ya yi saura idan cikakkun lambobi ne, sai ta koma 16, wato 1,100,000. Nan gizo ke saƙar. Ƙa'idar ita ce a ɗauki mataki mafi ƙanƙanta da ya kai abin da aka nema, ba tare da ya haura iyakar sama ba. Don haka sai a kai rabon sama da `DIV_ROUND_UP`, a samu 17, wato 1,125,000. Sannan a sake gwada shi da `max_uV`, wato iyakar saman. In ya zarce, a mayar da lambar kuskure `-EINVAL`, kada a rubuta komai a rajista, wato gurbin da cip ɗin ke karɓar lambar mataki.

Ni dai shawarata, kada ka tsaya yi wa lissafin faci. Cire shi ɗungurum. Ka cike `min_uV`, `uV_step`, `n_voltages`, `vsel_reg` da `vsel_mask` a `regulator_desc`, ka haɗa `regulator_list_voltage_linear` da `regulator_map_voltage_linear` da `regulator_set_voltage_sel_regmap`. Direbobi da dama sun daɗe suna amfani da waɗannan, kuma ta wannan hanyar tsarin kansa yana sake duba matakin kafin ya rubuta. In girman takin yana canzawa a tsakiya, `linear_ranges` za ka nema.

Ka kula da `n_voltages`, don ƙirga daga sifiri ake yi. Matakai 0 zuwa 63 guda 64 ne. Ka sa 63, na ƙarshe ya ɓace maka.

Bayan ka harhaɗa, duba `/sys/kernel/debug/regulator/regulator_summary`, amma kada ka yarda da shi shi kaɗai, abin da direba ya faɗa masa yake nunawa. Mayar da mita kan layin, ka gwada ƙasa da tsakiya da sama. Nawa ya nuna 1.125, bod ɗin ya kwana yana aiki. Da safe na wuce da gyaran ta `checkpatch.pl` mai duba salon rubutu, na sa layin `Fixes:` mai nuna canjin da ya jawo matsalar, `get_maintainer.pl` kuma ya fito mini da sunayen masu kula da sashen da zan aika wa, Mark Brown da Liam Girdwood.