Kaza Ta Yi Cara Ko Tana Hawan 'Yan'uwanta: Abin Dubawa Kafin a Ɗauko Wuƙa

Idan kazarki ta miƙa wuya da asuba ta yi cara, ko kika ga ta cafki ƙeyar wata kaza da baki ta haye bayanta, abin da za ki fara tambaya shi ne: har yanzu tana ƙwai ko ta daina? A gidaje da yawa ba a jiran wannan amsa. Ana jin carar sai tsohuwar gida ta ce maza a yanka ta kafin ta jawo wani abu. Ni dai a iya kiwon da na yi, ban ga abin da carar kaza ta jawo ba illa asarar kaza mai ƙwai.

Ga yadda ake ganewa. Ki bari sai dare ya yi sun shiga akurki, lokacin ba gudu ba fiffika. Ki ɗauko ta, ki danne fikafikan a hammatarki, kanta yana kallon bayanki, ki laluba ƙasan jela. Akwai ƙasusuwa biyu masu ɗan tsini a gefe da gefen mafitar ƙwai. In yatsu biyu ko uku suka shige tsakaninsu, wurin kuma da laushi da ɗan danshi, tana ƙwai. In yatsa ɗaya ne da ƙyar, wurin ya bushe ya tsuke, ta daina. In kuma ƙarama ce da ba ta taɓa ƙwai ba, ki dubi gashin wuyanta da na gadon baya kusa da jela. In sirara ne masu tsini da ƙyalli, to zakara aka sayar miki da sunan sagara, magana ta ƙare.

Wadda ke ƙwai kuma take wannan hali, lafiyarta ƙalau, mulki take yi. Kaji ba sa zama kai ɗaya. Kowace ta san wadda za ta sara da wadda za ta kauce wa. Wani masani ɗan ƙasar Norwe, Thorleif Schjelderup-Ebbe, ya rubuta bincike a kan wannan tsari tun 1921, amma duk matar da ke watsa tsaki da safe ta san wace ce ke fara ci. Idan gida ba zakara, ko an yanka shi da Sallah, ko muzuru ya ɗauke shi, sai babbar cikinsu ta gaji aikinsa. Ita ce za ta riƙa kallon sama saboda shaho, in ta tono abu ta kira sauran da ƙut-ƙut, wani lokaci ta gwada cara, cara mai shaƙewa da ba ta kai ƙarshe. Hawan kuwa yakan faɗa kan sagarun da suka kusa fara ƙwai, domin su ne ke durƙusawa su buɗe fikafikai da zarar an matso su, ko da hannunki ne kika kai. Wannan hawa ba ya sa ƙwai ya yi ɗa. Kaza tana ƙwai ko ba zakara, amma kada ki ba ta shi ta kwanta a kai, kwana 21 za su cika ki kwashe baragurbi. Sai fa in zakaran bai daɗe da barin gidan ba, domin kaza na riƙe abin da zakara ya ba ta har kusan mako biyu.

Idan ba jini, ba wadda ta rame, ki ƙyale su. In kuma kina son 'yan tsaki, ko carar ta dami mutanen gida, ki kawo zakara, ɗaya ga kaji takwas zuwa goma. Ki samo cikakke wanda ya riga ya goge. Ɗan matashi wanda bai gama koyon cara ba, wannan uwar gidan za ta kore shi ya koma kwana a kan katanga.

Inda ake sa baki shi ne idan gashin bayan wata ya zube fata ta fito, ko zankonta ya yi jini, ko ta koma lungu ba ta zuwa wurin ci sai kowa ya watse. Jini shi ne babban haɗari: kaji na ganin ja sai su taru a kai da sara, kafin yamma su iya kashe ta. Ki wanke ciwon da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, ki shafa shuɗin maganin nan GV da ake samu a kemis, yana busar da ciwo kuma yana ɓoye jan. In ciwon babba ne, ki keɓe ta ya warke. Amma wadda ya kamata ta sha kulle ita ce mai zalin. Ki sa ta a wani akurki inda ba ta ganin sauran, da ruwa da abincinta, kamar mako guda. Kafin ta dawo an riga an raba muƙami ba da ita ba, sai ta shigo a baƙuwa. Ba kullum wannan dabara ke aiki ba, akwai masu taurin kai, amma yawanci zafin yana raguwa.

Sai ki dubi gidan kansa, don sau da yawa laifin namu ne. Kasko ɗaya na ruwa, faranti ɗaya na dusa, kaji goma sha a ɗan lungun bayan ɗaki, dole a yi faɗa. Ki raba abinci wuri biyu, nesa da juna, yadda wadda ta tsare wannan ba ta hango wancan. Ki jingina tsohon kwano ko buhu a wani gefe don mai gudu ta samu mafaka. Kaji masu tsigar gashin juna suna haɗiyewa kuwa, dusa zalla ce ta gaza musu. A ƙara musu dakakken ƙuli-ƙuli, ko gara, ko garin busasshen kifi, a rataya musu reshen zogale su yi ta tsattsaga.

Sabuwar kaza daga kasuwa kada ta shiga cikinsu ranar da ta zo. Ta yi aƙalla mako biyu a keɓe, musamman da hunturu lokacin da cutar Niyukasil ke share akurki. Daga nan su ga juna ta raga na 'yan kwanaki, sannan a sa ta cikinsu da dare. Biyu tare sun fi ɗaya, saran yana rabuwa.

Wadda ta daina ƙwai kuma jikinta ke sauyawa, nata daban ne. Zanko ya ƙara girma ya miƙe, leɓen wuya ya zubo, ƙahon bayan ƙafa ya fito, bayan ta zubar da gashi sabon ya fito irin na zakara. Duk wadda ta taɓa gyara kaza mai ƙwai ta ga tarin gwaiduwar nan manya da ƙanana manne da ƙashin baya. A hagu kaɗai suke, domin mahaifar ƙwai ta hagu ce kawai ke aiki a jikin kaza, ta dama tana nan a kwance ba ta girma ba. Idan ƙari ko wata cuta ta lalata ta hagun, sinadarin mace ya ragu, sai ta daman ta farka ta fara fitar da sinadarin namiji. Abin ya daɗe yana rikita mutane. A birnin Basel na ƙasar Suwizalan, a 1474, har shari'a aka yi wa wani zakara aka ƙone shi bisa zargin ya yi ƙwai, kuma mai yiwuwa kaza ce irin wannan.

Irin wannan kaza da wuya ta koma ƙwai, kuma kada ki dogara da ita ta ba ki 'yan tsaki a matsayin zakara. In tana ci tana tono da kuzari, ko ki bar ta tana gadin sauran, ko ki yanka, lissafin dusa ne kawai, sabo da kaza ba ya hana yanka ta. In kuwa cikinta ya kumbura, ƙirjinta ya rame, tana tafiya a tale, ki nuna wa malamin dabbobi. Idan an yanka, a duba hanta da hanji da wurin gwaiduwar. In aka ga ƙulle-ƙulle farare ko ruwa mai wari, kada a ci, a haƙa rami mai zurfi a binne ta nesa da inda sauran ke tono.