Kurakuran da aka fi yi wajen karanta tarihin ruwan ƙasan teku daga laka

Ɗalibin kimiyyar ƙasa da ke zaune a Kano, nesa da bakin teku, zai iya sauke bayanan lakar da jiragen bincike suka haƙo kusa da Girinlan ko Antatika daga rumbun PANGAEA na Jamus, ba tare da ya biya ko kwabo ba. Wannan babbar dama ce, sai dai sauƙin samun lambobi yakan sa a yi gaggawar fassara su. Ruwa mai sanyi da nauyin gishiri yana nutsewa a tekunan da ke tsakanin Girinlan da Norwe da tekun Labrado, haka kuma a tekunan Wedel da Ros na Antatika, sannan ya bi can ƙasa ya ratsa duniya ɗauke da kabon da iskar shaƙa. Layin na'urorin RAPID da ke auna wannan juyi a Atlantika a shekarar 2004 ya fara aiki, don haka mai neman labarin shekaru dubbai dole ya koma ga laka, alhali laka ba ta taɓa auna gudun ruwa kai tsaye ba.

Kuskuren da ya fi kowanne ɓarna shi ne na shekaru. Sau da yawa a teburin duba aikin ɗalibai nakan ga an ɗauki sakamakon radiyokabon, wato awon shekaru da kabon 14, na ɓawon ƙananan halittun da ake kira foraminifera, an cire masa shekara 400, an wuce gaba. Wannan adadi shi ne matsakaicin tsufan da kabon na saman tekun zamaninmu ke nunawa fiye da na iskar sama. A kewayen Antatika, inda tsohon ruwa ke tasowa daga ƙasa, bambancin yana haura shekara 1,000, kuma a zamanin ƙanƙara, da ƙanƙara ta rufe fuskar teku ta hana shi musayar iska da sama, ya riƙa sauyawa daga lokaci zuwa lokaci. Hatta waɗanda suka fitar da ma'aunin gyara shekarun radiyokabon na teku mai suna Marine20 a 2020 sun bayyana cewa bai dace da tekunan yankin ƙanƙara ba. Maganin shi ne a nemo alamar da ba ta dogara ga kabon ba, irin tokar aman wuta ta Vedde da ta fito daga Aisilan kusan shekara 12,100 da suka wuce, wadda ake samu a lakar arewacin Atlantika da kuma cikin ƙanƙarar Girinlan. Akwai kuma wani tarko kusa da wannan: mutum ya daidaita shekarun lakarsa da LR04, jadawalin sauyin yanayin duniya da aka haɗa daga lakar tekuna a 2005, sa'an nan ya sanar cewa sauyin da ya gani ya zo daidai da sauyin yanayin duniya. Shi ne ya ƙulla daidaiton da hannunsa, saboda haka ba hujja ba ne.

Na biyu da ya kamata a tsaya a kansa shi ne rikita asalin ruwa da saurinsa. Aisotof ɗin kabon 13, wato nau'in kabon mai ɗan ƙarin nauyi, a ɓawon foraminifera na ƙasan teku, da na sinadarin niyodimiyom, suna nuna wane ruwa ne ya mamaye wurin, na arewa ko na kudu. Shunin da ke jikin zane yakan shaida wa masani cewa a marinar Ƙofar Mata aka rina shi, amma ba zai faɗa masa kwana nawa fatake suka yi da shi a hanya ba. Bayanan kabon 13 sun nuna cewa a tsananin zamanin ƙanƙara na ƙarshe, kusan shekara 21,000 baya, ruwan arewa ya taƙaita a sama da zurfin kimanin mita 2,000, ruwan kudu kuma ya cika ƙasa. Wannan labarin iyakar ruwa ne, kuma rubuta cewa juyin teku ya tsaya bisa wannan shaida kaɗai wuce gona da iri ne.

Ko a kabon 13 ɗin ma sai an kula da jinsin da aka tsince ƙarƙashin madubi. Cibicidoides wuellerstorfi a saman laka yake rayuwa, shi ya sa ake amfani da shi. Uvigerina kuwa cikin laka take, tana ɗaukar kabon na ruɓaɓɓen abin da ke kewaye da ita. Haɗa su a jadawali ɗaya ba tare da gyara ba yana ƙirƙiro sauyin da bai auku ba.

Masu neman sauri sukan koma ga hanyoyi biyu, kuma kowace da nata rauni. Rabon sinadaran furotaktiniyom 231 da toriyom 230 shi ne masani McManus da abokan aikinsa suka auna a lakar kusa da tsibirin Bamuda a 2004, suka nuna cewa juyin Atlantika ya yi rauni ƙwarai kusan shekara 17,500 da suka wuce. Amma ɓawon ƙananan tsirran teku da ake kira dayatom yana jan furotaktiniyom zuwa ƙasa, kuma su ne suka cika lakar tekun kudu, don haka rabon zai iya hawa ko da ruwa bai rage gudu ba. Wajibi ne a auna yawan ɓawon a samfuri ɗaya a aza shi gefe da gefe da rabon. Hanya ta biyu ita ce girman ƙwayoyin laka masu faɗin maikiron 10 zuwa 63 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), wadda masani McCave ya daidaita a 1995, domin ruwa mai ƙarfi yana kwashe masu laushi ya bar manya. Kusa da ƙanƙara kuwa, duwatsun ƙanƙara masu yawo suna narkewa su zubar da tsakuwa da yashi da garin dutse daga sama, mai karatu ya ɗauka ƙarfin ruwa ne. Kafin a yarda da sakamakon, a ƙirga ƙwayoyin da suka fi girma a duba ko su da matsakaicin girman ƙwayoyin lakar suna hawa da sauka tare.

Sai batun yanka samfuri. Tsutsotsi da sauran halittu suna dama saman laka har zurfin kusan santimita 10, kuma a tsakiyar tekun Atik na ƙurewar arewa laka takan ɗauki shekara 1,000 kafin ta ƙaru da santimita ɗaya ko biyu. A irin wannan wuri, yanka sandar laka, wato dogon curin da bututu ke haƙowa daga ƙasan teku, santimita-santimita ba zai fito da abin da ya faru cikin shekara 100 ba, komai kyan na'ura. Mai son ganin sauyi na gaggawa sai ya nemi tudun laka da ruwan ƙasa ya tara da sauri, kamar na Eirik a kudancin Girinlan ko na Gardar a kudu da Aisilan, ya kuma karanta rahoton jirgin don gane sassan da zaftarewar laka ta cusa ko ta share.

Abin da ya fi damuna shi ne aikin da ke ɗora hukuncin dukan teku a kan sanda ɗaya. Idan tsakiyar igiyar ruwa ta matsa sama da mita 500, sandar da ke ƙasa za ta nuna rauni, ta sama kuma ta nuna ƙarfi, duk a lokaci guda. A ɗauko sanduna uku ko huɗu daga zurfi daban-daban a gangare ɗaya, a ɗaure shekarunsu da alama guda irin tokar Vedde, sannan a kwatanta.