Masu cututtuka da yawa a ƙaramin asibiti: kurakuran da aka fi yi da gyaransu

A kowace cibiyar lafiya ta matakin farko akwai wasu majinyata da duk ma'aikata suka san fuskarsu. Dattijuwa mai hawan jini da ciwon suga da gyambon da ya ƙi warkewa. Magidanci mai shan maganin ƙanjamau, aka kuma gano masa tarin fuka. Matashi mai sikila da ake kwantarwa duk lokacin hunturu. Ba su da yawa, amma su ke cinye gado da magani da lokacin ma'aikata. A Amurka, inda aka daɗe ana wannan lissafi, kashi 5 cikin 100 na jama'a ne ke cin kusan rabin kuɗin da ake kashewa a kan lafiya. Ƙananan asibitocinmu kuwa an tsara su ne don zazzaɓin cizon sauro da awon ciki da rigakafi: a zo, a duba, a sallama. Wanda ciwonsa ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi shekara da shekaru, tsarin sha-ka-tafi ba ya riƙe shi, kuma daga nan yawancin kurakuran ke tasowa.

Ana ƙirga zuwa, ba a ƙirga mutane

Babban littafin da ake cikewa kullum yana nuna mutum nawa suka shigo yau. Ba ya nuna wanda ya kamata ya zo bai zo ba, alhali shi ne abin tsoro. Gyaran ba ya buƙatar kwamfuta. A ware littafi guda, kowane majinyaci layi ɗaya: suna, unguwa da wata alama ta gane gida, lambar waya biyu (tasa da ta mai jinyarsa), cututtukansa, magungunansa, awo na ƙarshe, ranar dawowa, da sunan ma'aikacin da aka ɗora wa alhakinsa. Sunan nan shi ne ginshiƙi. In aka ce kowa ke da alhaki, to babu mai shi.

Wa za a sa a littafin? Mai cuta biyu ko fiye daga cikin waɗanda ba sa warkewa, wanda aka kwantar sau biyu cikin wata shida, mai shan magani kala biyar zuwa sama, da wanda ba shi da mai kawo shi ko kuɗin mota. Kada a dogara da yawan kwanciya kaɗai. A garin Kamden na jihar New Jersey an yi wani shiri da ya yi suna wajen bin masu yawan kwanciya har gida. Da aka gwada shi a kan majinyata 800, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna kusan kashi 62 cikin 100 sun sake kwanciya cikin kwana 180 a kowane ɓangare, wanda aka bi da wanda ba a bi ba. Wanda aka zaɓa lokacin da ciwonsa ya fi tsanani, da ma zai ɗan lafa da kansa. Saboda haka cibiyar da ta ce kwanciya ta ragu tun da ta fara shirinta ba ta tabbatar da komai ba tukuna. Ma'aunin da ya fi gaskiya shi ne: cikin masu hawan jinin da ke littafi, nawa ne awonsu ya sauka ƙasa da 140/90 a zuwansu na ƙarshe, nawa ne kuma suka ɓace?

Awon jini na gaggawa

Mutum ya sauko daga babur cikin rana, goro a baki, aka naɗa masa abin awo a kan hannun riga yana ta ba da labari. Lambar da ta fito ba tasa ba ce. Ya zauna minti biyar, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai da ƙirji, ba magana. Ba goro, ba shayi mai ƙarfi, ba sigari cikin rabin awa kafin awo. Maɗaurin da ya yi wa damtse kaɗan yana ɗaga lamba, don haka cibiyar da ba ta da babban maɗauri tana ƙara wa masu jiki magani ba gaira ba dalili. A auna sau biyu, a rubuta lambar yadda take, kada 146 ta zama 150. Ba a cewa mutum yana da hawan jini sai an samu 140/90 ko sama a ranaku biyu daban-daban. Amma 180/110 tare da ciwon kai mai tsanani, ko ciwon ƙirji, ko karkacewar baki, wannan na turawa ne nan take.

Akwai kuma akasin haka, wanda ya fi yawa: awo yana sama wata bayan wata, ana ta maimaita ƙwaya ɗaya da "a rage gishiri". In majinyaci yana shan magani daidai kuma bayan wata guda bai sauka ba, sai a hau mataki na gaba a tsarin da cibiya ke bi.

Kowane ciwo da nasa magani, ba mai duba su gaba ɗaya

A nan ne aka fi yin ɓarna. Asibitin ƙanjamau ya rubuta nasa, na tarin fuka ya rubuta nasa, mai kemis ya ƙara, maƙwabciya ta kawo jiƙo. Dokar ita ce: duk bayan wata uku majinyaci ya zo da komai a leda, har da na gargajiya da na kemis, a zazzage a kan tebur, a ɗaga kowane a tambaye shi yadda yake sha. Sau da yawa za a tarar da amlodipine (maganin hawan jini) biyu na kamfani daban-daban, kwali daban, yana shan duka yana zaton magani biyu ne.

Haɗuwar da ke illata ƙoda sosai ita ce maganin ciwon jiki irin diclofenac ko ibuprofen a kan maganin hawan jini irin losartan ko lisinopril, tare da maganin sa fitsari. Tsoho mai ciwon gwiwa yana sayen diclofenac a kemis kullum ba ya ɗaukarsa magani, sai an tambaya da suna. A mayar da shi paracetamol, a kuma gwada ƙoda aƙalla sau ɗaya a shekara, da kuma mako ɗaya zuwa biyu bayan fara losartan ko ƙara shi. Metformin na ciwon suga ma ƙoda yake bi: in ma'aunin tacewar ƙoda ya sauka ƙasa da 45 a rage, in ya yi ƙasa da 30 a daina. Mai shan dolutegravir, maganin ƙanjamau, kada metformin ɗinsa ya wuce miligiram 1,000 a rana ba tare da bibiya ba, domin dolutegravir yana ƙara yawansa a jini. Rifampicin na tarin fuka kuwa rage ƙarfin wasu yake yi: amlodipine da nifedipine na hawan jini, glibenclamide na ciwon suga, da ƙwayoyin tazarar haihuwa. Shi ya sa jinin wanda ya daɗe a daidai kan tashi bayan an fara masa maganin tari, shi ya sa kuma ake mayar da dolutegravir sau biyu a rana muddin ana shan rifampicin.

Mace da ke shekarun haihuwa ba a ba ta losartan ko lisinopril ba tare da an yi maganar ciki ba, domin suna illata ɗan tayi. In ciki ya shiga, a koma methyldopa, nifedipine ko labetalol. Glibenclamide yana da arha, shi ya sa ake yawan rubuta shi, amma ga tsoho ko mai raunin ƙoda yana faɗar da suga har a suma, 'yan uwa su ɗauka shanyewar ɓarin jiki ce ko iska. Duk mai ciwon suga da aka kawo a rikice, a fara da awon suga. Ƙasa da 70 a ma'aunin miligiram, wato 3.9 a na milimol, a ba shi ruwan sukari in yana iya haɗiya.

Maganar gishiri ma a yi ta da sunan abin da ke tukunya. Giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, shi ne iyaka, kuma dunƙulen ɗanɗano da yaji da kanwa duk suna ciki. Mai jego mai hawan jini ko kumburin ƙafa ta haƙura da kunun kanwa.

Sai azumi ya kama ake tunawa

A zauna da mai ciwon suga tun cikin Rajab ko farkon Sha'aban. Mai yawan faɗuwar suga, mai ciwon ƙoda da ya yi nisa, da mai ciki, shawara ita ce kada su ɗauka, kuma shari'a ta ba marar lafiya rangwame. Wanda zai yi, a sake masa lokutan magani, a mayar da mai sa fitsari bayan buɗa baki, a faɗa masa ƙarara cewa zai karya in suga ya yi ƙasa da 70 ko ya haura 300.

Wanda bai dawo ba

Ana saurin cewa majinyaci ba ya jin magana. Yawanci kuɗin mota ne, ko magani ya ƙare a cibiya, ko ya ji sauƙi ya zaci ya warke, ko mace ce mai jiran izinin maigida. Duk ranar Juma'a a buɗe littafi a fitar da waɗanda ranarsu ta wuce. A kira a waya cikin mako guda. In ba a samu ba, ma'aikacin lafiya na unguwa ya je gida, a nemi taimakon mai unguwa ko kwamitin ci gaban mazaɓa ba tare da an fallasa ciwon mutum ba. Wanda awonsa ya daidaita a ba shi maganin wata uku. A haɗa masa awon jini da na suga da karɓar magani a rana ɗaya. A kuma bincika ko ya cancanci shiga asusun kula da lafiya na matakin farko da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa, wanda ake ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, ana rajistarsa ta hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi.

Turawa babban asibiti da baki kawai, "ku je Murtala" ko "ku je Shika", shi ma hanyar ɓacewa ce. A rubuta dalili, awo uku na ƙarshe, jerin magunguna da lambar wayar cibiya, a kuma sa ranar da zai dawo da amsa. Wanda aka sallamo daga kwanciya a gan shi cikin kwana bakwai, domin a lokacin ne yake haɗa tsohon magani da sabo.

Abin da ba a dubawa sai an cire takalmi

Mai ciwon suga ya cire takalmi a kowane zuwa, a duba tsakanin yatsu da diddige. Wanda ƙafarsa ta daina ji yana taka ƙaya ko ya ƙone da kaskon wuta a hunturu bai sani ba, ƙaramin rauni ya kai ga yanke ƙafa. Ido a tura a duba shi sau ɗaya a shekara. Insulin kuma, inda babu firji, a sa kwalbar a leda a ɗaure, a ajiye a jikin randa a inuwa, a yar da wadda aka buɗe bayan mako huɗu. A tambayi majinyaci ko yana barci, ko har yanzu yana sha'awar abin da ya saba, domin mai ciwon damuwa shi ne farkon mai ajiye magani. Mai jinya ma, wadda galibi 'ya ce ko suruka, a koya mata lokutan magani da alamun haɗari, a auna jininta tunda ga ta a zaune.